Fasto da garken da ya watse

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, suka kuma mamaye Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take tare da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp. Ikilisiyar da aka dasa a Garkida tun 1923 ta wayi gari shugabanninta suna gudun ceton rai, har sai da suka buɗe ofis na wucin gadi a Jos, a zamanin shugabancin Rabaran Samuel Dali. Wata shida kafin nan an sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne.

Hankalina ya fi komawa kan fastocin ƙauyuka. An horar da su domin su kula da majami'a mai gini da mumbari da littafin sunayen membobi, albashinsu kuma daga baikon ranar Lahadi yake fitowa, sai ga shi duk wannan ya tafi a dare ɗaya. Membobi sun bazu zuwa Yola da Jos da gefen Abuja, wasu sun ƙetare zuwa sansanin Minawao a Kamaru. Fastocin da suka bi mutanensu sun yi sujada a gindin itace da harabar makaranta, sun shiga rabon abinci, sun koyi yadda ake zama da matar da aka kashe mijinta a gabanta ba tare da gaggauta mata da ayoyi ba. A Gurku ta Jihar Nasarawa ma Kiristoci da Musulmi 'yan gudun hijira suka zauna a matsuguni ɗaya. Makiyayi ai ba ya tsare garke a fadamar da ta bushe don kawai nan ya saba kiwo.

Amma wannan sauyi ne da tilas ta kawo. Wanda ya fi wuya, a ganina, shi ne wanda fasto zai karɓa lokacin da ake zaman lafiya, sa'ad da babu abin da ya kore shi daga kujerarsa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana ƙyale wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su kāre kansu ba, ba su kuma kira masu ƙorafin 'yan tawaye ba; sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, suka danƙa musu aikin. Fastoci nawa ne a yau za su saki asusu ko tsarin sujada ga dattawa, ko su saurari zumuntar mata a kan abin da ya wuce girki da waƙa? Ina baƙin ciki idan na ga matashin da ya tashi a birni, wanda Hausar wa'azi ta yi masa nisa, ya kawo shawara an ce masa ba haka muka gada ba, bayan wata biyu kuma ya koma wata majami'a ko ya daina zuwa gaba ɗaya.

Ba ina cewa duk sabon abu alheri ba ne. Wa'azin da ke yi wa talaka alkawarin arziki idan ya ƙara baiko sabo ne, yana kuma tara jama'a, amma cuta ne. Bishara ba ta hannun fasto da zai sauya ta. Lokacin sujada, harshen wa'azi, kayan kiɗa da rabon aiki kuwa duk a hannunsa suke. Shi ya sa nake roƙon makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su gayyaci fastocin da suka yi hidima a sansanonin gudun hijira su koyar da ɗalibai, tun suna da rai da ƙarfin ba da labarin.