Farar wuta a cikin kwanon wake da shinkafa

Idan aka bar ƙwai ya daɗe a tafasa, sai a ga wani zobe kore-kore ya kewaye ƙwanduwa, da ɗan wari. Farar wutar da ke cikin furotin ɗin ƙwan ce ta haɗu da sinadarin ƙarfe. Wannan farar wutar tana zaune ne a cikin amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) guda biyu, metiyonin da sistin, kuma da su jiki yake ƙera garkuwarsa.

Jiki ba ya iya yin metiyonin, sai an ci. Daga gare shi hanta take samar da sistin, da taimakon bitamin B6. Sistin kuma shi ne ginshiƙin gulutatiyon, sinadarin da ke kashe kaifin gurɓatattun ƙwayoyin iskar oksijin kafin su cinye ƙwayoyin jiki kamar yadda tsatsa ke cin kwano. Idan sistin ya yi ƙaranci, gulutatiyon ma sai ya ragu. Shi ya sa wanda ya sha farasitamol fiye da kima, hantarsa ke shiga haɗari: maganin ya ƙarar da gulutatiyon, a asibiti kuma da wani nau'in sistin ake ceto shi. Babba kada ya wuce giram 4 a rana.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007 ya ce babba na bukatar miligiram 15 na metiyonin da sistin a haɗe kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan miligiram 900 a rana. Ƙwai babba ɗaya yana ba da kusan 300.

Wake yana da furotin sosai, amma metiyonin ɗinsa kaɗan ne. Gero, dawa da shinkafa su ke cike masa wannan giɓin. Don haka wake da shinkafar da ake sayarwa da safe a unguwannin Nima da Mamobi na Accra, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai kyau ƙwarai, balle an ɗora ƙwai ko kifi. Riɗi ma yana da metiyonin mai yawa. Sai dai a rage kanwa, domin yawanta tare da doguwar tafasa yana lalata wani ɓangare na sistin.

Abin da ya fi damuna shi ne rogo. Furotin ɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma wanda ba a jiƙa an shanya da kyau ba yana ɗauke da gubar sayanaid, wadda jiki ke fitarwa ta hanyar ƙarar da farar wutar da yake da ita. Yaron da aka yaye a kan garin rogo da kokonte (tuwon garin busasshen rogo) zalla ya yi asara sau biyu. A nan Accra ne likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko, wato tamowar da ke kumbura jikin yara, a 1933, kuma daga baya an gano gulutatiyon ɗin irin waɗannan yara yana ƙasa ƙwarai. Iyaye mata, a daka busasshen kifi da gyaɗa a zuba a kunun yaye, a ƙara rabin dafaffen ƙwai in da hali.