Sifikar kusa ta jira ta nesa: yadda na saita sautin motata

Duk mai tuƙi a ƙasar nan a gefen hagu yake zama, ƙafarsa na kusan taɓa sifikar ƙofar hagu, ta dama kuwa tana can ƙetare. Su kuma masu haɗa waƙa a sutudiyo suna aiki ne bisa zaton mai sauraro na zaune a tsakiyar sifiku biyu, daidai wa daida. A mota babu wannan kujerar. Shi ya sa a cikin Corolla ɗina, duk da sabbin sifiku da amfilifaya da ufa (babbar sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, wato bas) a but, muryar mawaƙi daga gefen gwiwata ta hagu take fitowa, bugun ganga kuma daga bayan ƙeyata.

Da na kai kuka wurin mai wayarin ɗin da ya yi mini aikin, sai ya ce, "Alhaji, ai ƙarfi ne bai isa ba, a ƙara amfilifaya." Na ce, "Malam, ƙarfin ya isa, har madubi rawa yake. Wurin da sautin ke fitowa ne bai yi mini ba." Mutum ne mai hannu, aikinsa tsaf, amma abin da kasuwa ke nema a wurinsa ƙara ce, ita ya saba sayarwa.

Matsalar ta lokaci ce. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, wato santimita 34 da ɗan ɗoriya a kowane milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Idan sauti iri ɗaya ya fito daga wurare biyu, kunne na bin wanda ya riga isowa, ya yanke hukuncin cewa daga can abin yake. Wani Bajamushe mai suna Helmut Haas ya yi bincike a kan haka a 1949, har yau masu harkar sauti na kiran abin da sunansa. Murɗa sauti zuwa dama ba ya warware wannan, domin rage ƙarar sifikar hagu kawai yake yi, ita ce dai ke rigan isowa. Ba yadda za a yi a sa sifikar nesa ta yi sauri. Abin da ake yi shi ne a tsayar da na kusa su jira ta, kamar yadda ayari ke rage tafiya saboda na baya ya iso.

Rediyon da ke motar yana da wannan saitin a ciki, an rubuta Time Alignment. Kafin in taɓa shi sai da na tabbatar ba a juya wayar ko sifika ɗaya ba. Na cire wayoyin sifikar ƙofa daga amfilifaya, na ɗan taɓa su da batirin tocila mai volt 1.5: idan waya mai alamar + ta hau kan batirin mai alamar +, fatar sifikar za ta turo gaba. Duka biyun gaba suka turo. Ƙananan sifikun dashbod masu fitar da siririn sauti ban yi musu haka ba, don ba su da juriya, wayoyinsu kawai na bi da ido. Wanda ya tsallake wannan mataki zai kwana yana murɗa lambobi, murya ba za ta tsaya wuri ɗaya ba.

Daga nan sai awo. Na gyara kujera yadda nake tuƙi, na jingina kai, ƙanena ya riƙe tef ɗin awo na magina daga tsakiyar kowace sifika zuwa kan hancina, tsakanin idanu. Sifikar ƙofar hagu santimita 105, ta dama 142. Ƙaramar ta hagu 82, ta dama 124. Ufa, wadda muka auna ta saman kujerar baya, 178. Ita ce mafi nisa, don haka ita ba ta jiran kowa. Sauran kuwa sai a ɗebe nisan kowace daga 178, a raba abin da ya rage da 34.3. Ƙofar hagu ta samu milisakan 2.13, ta dama 1.05, ƙaramar hagu 2.80, ta dama 1.57.

A nan akwai wurin da ya kamata a buɗe ido. Wasu rediyoyin, kamar na Pioneer da dama, nisan kawai suke so ka shigar da santimita, su yi lissafin da kansu. Wasu kuma jinkirin suke so da milisakan, kai za ka yi lissafin. Idan ka zuba ɗaya a gurbin ɗaya, sifikar nesa ce za ta ƙara jira, abin ya ƙara lalacewa. Haka nan idan ƙaramar sifika da ta ƙofa layi ɗaya suke sha daga amfilifaya, jinkiri ɗaya za su raba, sai ka yi awo da ta ƙofa. Nawa kowace da layinta.

Na yi tunanin zafinmu, tunda sauti ya fi gudu a iska mai zafi: a digiri 40 yana kai kusan mita 355 a sakan. Da na sake lissafi, bambancin a ƙofar hagu bai wuce milisakan 0.07 ba, abin da ɗan karkata kai da santimita biyu zuwa uku ma zai haifar. Na bar shi.

Lambobin tef mafari ne kawai. Sauran aikin na kunne ne, kuma a nan na fi daɗewa. Na samu wuri shiru bayan sallar asuba, na rufe gilasai, na kashe esi, na kashe ufa da sifikun baya da ƙananan, na bar na ƙofa biyu kaɗai. Ban sa waƙa ba. Labarai na kama, saboda muryar mai karanta labarai ɗaya ce tak, iri ɗaya take fita hagu da dama, babu inda za ta ɓuya. Da na shigar da lambobin na rufe ido, sai na ji mutumin ya tashi daga gwiwata ya hau dashbod, amma ya tsaya daidai sitiyari, muryar kuma a baje. Na riƙa ƙara jinkirin hagu mataki ɗaya-ɗaya. Da kowane danni yana matsawa dama kaɗan, har aka zo wurin da muryar ta dunƙule, ta yi kauri, ta zauna ƙarƙashin madubin tsakiya. Da na wuce wurin ta sake bajewa, sai na dawo. Tsigar jikina sai da ta tashi, domin sifikun nan dai su ne na jiya, ko waya ɗaya ba a canja ba.

Ƙananan sifikun halinsu daban. A siririn sauti kunne ya fi kula da wadda ta fi ƙara a kan wadda ta riga isowa. Jinkiri kaɗai bai kai su tsakiya ba, harufa irin "s" da "sh" suna ta tsalle zuwa hagu alhali sauran muryar na tsakiya. Sai da na rage ƙarar ta hagu da desibel 3 (desibel ma'aunin ƙara ne) suka haɗu da 'yan uwansu.

Ufa ce ta fi ba da aiki, kuma a kanta tef ya fi gazawa. Na raba aiki a hez 80 (hez ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne): abin da ke ƙasa na ufa, na sama na ƙofofi. A daidai wannan iyaka dukansu ke magana tare, kuma zangon sautin hez 80, wato tsawon igiyar sautin guda ɗaya, ya haura mita 4. Idan suka saɓa da rabin zango, ɗaya na turawa ɗaya na ja, bas ɗin ya cinye kansa. Ga shi kuma matatar da ke tsame wa ufa sautinta tana ƙara mata nata jinkirin, ita kanta fatar mai nauyi ce, kuma a but take, bayan kujera. Saboda haka a kunne ta fi santimita 178 nisa. Na sa kiɗa mai bugun ganga a sarari, na riƙa ƙara wa dukan sifikun gaba jinkiri tare, adadi ɗaya, don kada in rushe abin da na riga na daidaita tsakanin hagu da dama. Na kuma gwada juya fuskar ufar daga 0 zuwa 180 a saiti, wato ta riƙa ja a inda take turawa, ina sauraron wanda ya fi cika. Alamar da nake nema ita ce gangar ta bar but ta dawo gaba. Da aka dace, bugun ya zama guda ɗaya mai tauri, ba "dum" a gaba sannan "uum" a baya ba, har na rage ƙarar ufar saboda ta yi yawa. A ganina yawancin motocin da ke girgiza unguwa amma a ciki ba daɗin ji, nan ce cutarsu.

Masu son aiki na ƙwarai suna amfani da makirfon awo da manhajar REW, wadda kyauta ce, su ga isowar kowace sifika a allon kwamfuta. Ya fi kunne daidaito, ba musu. Amma tef da muryar mai labarai sun kai ni inda nake so.

Sifikun baya na rage su sosai, don suna jan murya baya. Sai dai saitin nan na kujera ɗaya ne. Da uwargida ta zauna a gaba ta ce, "Maigida, yau me ya samu rediyon? Duk a kunnena na dama yake." Gaskiyarta: jinkirin da ya gyara mini ya ninka mata tazarar. Don haka na ajiye saiti biyu. Ɗaya nawa, idan ni kaɗai ne. Ɗayan kuma na ranar fita da iyali, inda hagu da dama ke da jinkiri ɗaya, na bar saitin ufa yadda yake, na ɗan ɗaga sifikun baya saboda yara.