Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wasiƙar Lincoln da Shayin Kawu

Makon jiya mun tsaya a inda aka saka ni ajin tarihin Amurka na AP, wato darasin matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, a shekarata ta biyu wajen Kawu a Bronx ta birnin New York. Na shiga ajin ina taƙama, don a Kano ni gwanin hadda ne. Ka ce Jihadi in ce 1804, ka ce haɗe Kudu da Arewa in ce 1914, ko kai ba na ɗagawa.

Ranar da malama ta raba mana abin da suke kira DBQ na san na zo inda hadda ba ta cin kasuwa. Tambaya ɗaya ce, a ƙarƙashinta takardu 7, wata wasiƙa, wata jawabi, wata zanen barkwanci na tsohuwar jarida. Awa ɗaya ake bayarwa, minti 15 na farko na karatu ne, kuma ita kaɗai ke ɗauke da kashi 25 cikin 100 na jarrabawar da hukumar College Board ke shiryawa. A tsarin wancan lokacin sai ka kafa hujja da takardu 6, a cikin 3 kuma ka fito da wanda ya rubuta da abin da yake nufi.

Ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina maimaita abin da suka ce. Maki 2 cikin 7 na samu.

Wadda ta fi kayar da ni ita ce wasiƙar da shugaban Amurka Abraham Lincoln ya rubuta wa Horace Greeley, editan jaridar New York Tribune, ranar 22 ga Agustan 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa da jihohin Kudu masu bayi da suka ɓalle. A ciki ya ce ceto tarayyar ƙasar ne gabansa, ko da 'yanta bayi ko babu. Na rubuta cewa mutumin bai damu da bayi ba, na wuce. Malama ta zagaye layin da jan biro, ta rubuta a gefe: wa yake so ya ji wannan maganar?

Da dare Kawu ya dawo daga tuƙin tasi, ya zauna da kofin shayinsa ko safa bai cire ba, ya ce in fassara masa. Da na gama ya ce, "Yaro, wa aka rubuta wa?"

"Ɗan jarida ne, Kawu."

"To wannan ai ba wasiƙa ba ce, shela ce. A Islamiyya haka aka koya maka karɓar magana, ba ka tambayi wa ya ruwaito ba?"

Kawu bai san Lincoln ba sai a jikin dala biyar, amma ya yi shekaru yana ɗaukar karatu a zaure. Washegari na shiga laburare. Ashe tun 22 ga Yuli Lincoln ya karanta wa ministocinsa daftarin shelar 'yanta bayi, wata guda cur kafin wasiƙar. Ga kuma jihohi 4 masu bayi da ba su ɓalle ba, Kentucky da Maryland da Missouri da Delaware, yana lallaɓa su kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya jira sai bayan gumurzun Antietam, inda dakarun tarayya suka tare na Kudu, sannan ya fito da sanarwar ranar 22 ga Satumba. Har yau ina ganin tarayyar ce ta fi tsaya masa a rai, amma yanzu ina faɗin haka da hujja a hannu.

Na sake rubutun, na samu 5. Kawu ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Sauran biyun fa, wa ka bar wa?"

Sai jadawali ya fito. Jarrabawar ta faɗo Juma'a, 10 ga Mayun 2019, ƙarfe 8 na safe, awa 3 da minti 15, a makon farko na azumi. Yadda na kwana a daren, da abin da ya same ni a jirgin ƙasa da safe, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.