Ranar da na yi wa Baffa "Allah ya jiƙansa" yana zaune a gabana

Mako uku ke nan da bikin ƙanwata, amma har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni aka ɗora wa haɗa hotunan da za a haska a daren dina a nan Kano, tun daga na yarintarta har zuwa na kamu. Hotuna 48 na zaɓa, kowanne daƙiƙa 8, jimilla minti 6 da daƙiƙa 24, daidai tsawon waƙar da amarya ta ba ni. Kowane hoto na kafa masa kifirem biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, don ya riƙa tafiya a hankali ko ya zuƙo fuska. Ni turke nake ce wa kifirem, don aikinsa ke nan: ka kafa shi ka ce a wannan daƙiƙar hoto ya kasance a nan, kwamfuta ta cike tsakani. Haka masu zanen katun na da suke yi, babban mai zane ya zana muhimman tsayuwa, yaransa su zana na tsakiya.

Akwai hoto guda da na fi ɓata wa lokaci. Tsohon hoto ne na ranar Sallah, maza tara a jere da manyan riguna, mahaifinmu marigayi shi ne na ƙarshe ta hannun dama. Na sa kallo ya taso daga hagu, ya bi ta kan fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kan Baba. Rubutun "Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa" kuma ya fara bayyana a daƙiƙa ta 4. Da na nuna wa Umma a laftof, sai da ta share hawaye da gefen mayafi.

Ana saura awa biyu a tafi, amarya ta aiko wai a sauya waƙa. Sabuwar minti 4 ce cif. Lissafin bai da wuya: daƙiƙa 240 a raba wa hotuna 48, kowanne ya samu 5. Na zaɓi hotunan duka, na goge 8 na rubuta 5, na kalli uku na farko na ga suna motsi, na fitar da bidiyon na zuba a filashi.

Abin da ban sani ba, manhajar da nake haɗa bidiyon da ita tsawon hoto kawai ta yanke, turakun ta bar su inda suke. Na ƙarshen yana nan a daƙiƙa ta 8, a wajen hoton, inda ido ba ya ganinsa. A firem 25 cikin daƙiƙa (firem shi ne kowane hoto tsayayye cikin waɗanda ke jeruwa su zama bidiyo), tafiyar firem 200 ce aka datse a na 125. Kashi biyar cikin takwas na hanyar da ta tashi daga mutum na ɗaya zuwa na tara, a kan na shida take faɗawa. Na shida kuwa Baffa ne, ƙanin Baba, wanda ke zaune a teburin gaba da hularsa zanna bukar yana shan zoɓo. Rubutun bai yi latti ba, tunda turkensa yana cikin daƙiƙa biyar ɗin. Ya gama fitowa tar a ƙarƙashin gemun Baffa, sannan hoton ya narke ya shige na gaba.

Zauren ya yi tsit, sai wata gwaggo ta saki salati. Baffa ya juyo ya nemo ni da ido ya ce, "Ɗan nan, ka yi mini jana'iza ba ka gayyace ni ba?" Aka yi dariya, na durƙusa na ce, "Baffa, a gafarce ni, kuskuren na'ura ne." Umma dai ba ta yi dariya ba.

Na ce kuskuren na'ura, amma rabin laifin nawa ne, don minti huɗu kacal kallon bidiyon zai ci mini. Sauran rabin ba zan yafe wa manhajar ba. Wanda ya kafa turke a ƙarshen hoto, ƙarshe yake nufi, ba daƙiƙa ta 8 ba. In an taƙaita hoton, turken ya biyo bakin. In an tsawaita, ya bi shi, kada motsi ya ƙare hoto ya sandare yana jiran lokaci. Na tsakiya kuma a tambaye ni: a matse su gwargwadon sabon tsawo, ko a bar su? Tambayar tana da muhimmanci, domin ba komai ake so a matse ba. Bayyanar rubutu ta daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa ɗaya ya kamata ta zauna ko hoton ya koma nawa. A After Effects, wata manhajar haɗa bidiyo, in ka zaɓi turaku da yawa ka danne maɓallin Alt ka ja na ƙarshe, duk sai su matsu ko su buɗe daidai da tazararsu. Ke nan abin ba gagara ya yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun. Turaku 48 suka faɗa waje a danna ɗaya, ba jan launi, ba gargaɗi, ko ɗan alamar lu'u-lu'un nan da ke nuna turke ba a bari ta leƙo a bakin layin lokacin da ake jera hotunan a kai ba. Da na koma washegari na mayar da hoton daƙiƙa 8, sai ga turken zaune abinsa kamar ba shi ya jawo mini ba. Ɗaya bayan ɗaya na jawo su da hannu, awa guda da rabi.

Yanzu ba na kafa turke ko ɗaya sai an tabbatar mini da waƙa, kuma hoton da ke da rubutu, firem ɗinsa na ƙarshe nake fara dubawa. Gyararren bidiyon na tura a zauren WhatsApp na dangi. Baffa ne ya fara amsawa da saƙon murya, wai a ajiye masa na farkon, zai yi amfani wata rana.