Na gyara shafina na LinkedIn

Shekara biyu shafina na LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, yana zaune kamar kango. A ƙarƙashin sunana "mai neman aiki" kawai na rubuta, ina ta jiran kira shiru.

Wata yayata da ke aikin ɗaukar ma'aikata ce ta ce min: "Ƙanena, mu da sunan sana'a muke bincike, wa zai gan ka a haka?" Maganar ta tsaya min a rai. A daren na sa hoto mai haske, fuskata a fili, na rubuta abin da na iya: lissafin kuɗi da manhajar Excel. Tsohon shugabana ma na roƙe shi ya rubuta min shaida, kuma bai ƙi ba, Allah ya saka masa.

Jiya wani kamfani ya turo min saƙo. Jibi ne ganawar, ku sa ni a addu'a.