Layi Ɗaya a Kasafin Kuɗi: Yadda Muka Nema wa Mazaɓarmu Ɗakin Haihuwa

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina riƙe da alli. Da na yi ritaya aka ce in zama sakataren kwamitin ci gaban mazaɓarmu da ke bayan garin Katsina, don kawai na iya rubuta wasiƙa. Na karɓa ina zaton zaman shan shayi ne.

Sai ga wani dare cikin damina naƙuda ta kama matar ƙanena. Muka kai ta asibitin mazaɓa, tafiyar minti biyar, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maigadi ya ce ai tun la'asar aka tashi, babu wuta, ɗakin haihuwa kuma yoyo yake yi. Kafin a samo Keke Napep a ratsa ruwa zuwa cikin gari, jijjiga ta kama ta. Ita dai Allah ya yi da sauran kwananta. Yaron bai zo da rai ba.

Abin da muka sani shi muka yi. Cikin watan Janairu mu bakwai muka saka manyan riguna muka tafi gidan ɗan majalisarmu na jiha. Ya karɓe mu da mutunci, ya yi mana jaje, ya sa hannu a aljihu ya ba da abin da ya sayi kwano bandir biyu. Muka fito muna sa masa albarka. Wani yaronsa, wanda na koyar a aji huɗu, ya raka ni har bakin ƙofa, ya rage murya ya ce: "Allah ya gafarta Malam, kun zo bayan kasuwa ta watse. An riga an sa wa kasafin bana hannu. Abin da kuka karɓa yau kyauta ce, ita kuwa kyauta ba ta da lamba a takarda. Baɗi ba wanda zai tuna da ita."

Na ji haushin maganar. Da damina ta zagayo ɗaya gefen rufin ya fara zuba, kwaɗon nan kuma yana nan a ƙofa, sai na neme shi da kaina na ce ya koya mini.

Ashe kasafi ba ranar da gwamna ya tsaya gaban majalisa ake yin sa ba. Tun tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi ke aika wa ma'aikatu da hukumomi takarda su kawo buƙatunsu, kowa da iyakar da aka yanka masa. Daga nan a yi tarukan jin ra'ayin jama'a, wajajen ƙarshen shekara gwamna ya miƙa wa majalisa, kwamitoci su kira kowace hukuma ta kare abin da ta rubuta. Wanda bai shiga tun a teburin hukuma ba, da wuya ya samu gurbi daga baya. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kowace kuma tana da nata rufin mai yoyo. Ba wanda zai tuna da namu don Allah ya ga muna da gaskiya.

Abu na biyu da na gano ya fi ba ni kunya. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. A yadda dokar ta tsara tun farko, kashi 50 zai bi ta hanyar inshorar lafiya, kashi 45 ta hukumar lafiya a matakin farko, kashi 5 na agajin gaggawa. Daga ciki ake tura wani kaso kai tsaye zuwa asusun asibiti ɗaya da aka zaɓa a mazaɓa, duk bayan wata uku, a lokacin kusan naira dubu 300. Masu sa hannu a wannan asusu su biyu ne: incajin asibiti da shugaban kwamitin mazaɓa. Wato namu shugaban, dattijon da nake zama kusa da shi a kowane taro! Ana kawo masa takarda, ya yi bismilla ya sa hannu. Ba a ci ko sisi ba, na duba rasit ɗaya bayan ɗaya, magani ne da sabulu da man janareta. Amma mu da ake cewa masu sa ido, ba mu taɓa zama mun ce ga abin da muke so a fara yi da shi ba. Tun daga nan ba a cire kuɗi sai kwamiti ya zauna. Kuɗin ba zai gyara ɗaki ba, amma ya kawo fitilu masu caji da safar hannu da gyaran famfo.

Wasiƙata ta farko shafi biyar ce. Na buɗe ta da alƙawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Na ji daɗin kaina ƙwarai. A ciki mun nemi katanga, motar ɗaukar marasa lafiya, gidan ma'aikata, rijiyar burtsatse, har da likita. Wata ma'aikaciya a hukumar lafiya ta karanta shafin farko, ta ɗago ta ce: "Baba, a cikin duk waɗannan, wanne ne idan babu shi mace za ta mutu a daren yau?" Na yi shiru. Ta ce in je in dawo da shafi ɗaya.

Rage buƙatun nan ya fi komai wuya, don kowa a kwamiti da nasa. Mai son katanga gidansa ne ke maƙwabtaka da asibitin. Matan unguwa ne suka raba gardama, musamman wata tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin mutanen da ke zaune a wurin. Ta ce a ɗauko littattafan asibiti. Na awon ciki ya cika har ana liƙa masa takarda. Na haihuwa kuwa shafi biyu bai cika ba. Mata suna zuwa da rana, su haihu a gida da dare, don haihuwa ba ta san lokacin tashi daga aiki ba. Sai muka tsaya a kan abu uku: gyaran ɗakin haihuwa, sola, da ungozomar asibiti mai kwana. Wani magini ya yi mana lissafin kuɗi, muka haɗa da hotunan silin da ya rufto. Mai unguwa ya kai mu wurin dagaci, dagaci ya buga hatiminsa ya haɗa mu da hakimi. Liman ya yi maganar a huɗuba. Muka miƙa takardar a watan Yuli, muka karɓi kwafi mai hatimin "an karɓa". Wannan kwafin shi ne makamina har yau.

A taron jin ra'ayin jama'a ban yi magana ba, duk da na kwana ina shirya jawabi. Tsohuwar ce ta miƙe. Minti biyu ta yi, ba ta ambaci doka ba, ta faɗi yadda ake karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Muka koma wurin Honarabul, wannan karon ba roƙo. Na ce: "Ranka ya daɗe, ba aljihunka muka zo wa ba. Ranar da hukumar lafiya za ta zo kare kasafinta, a tambaye ta layin asibitinmu a cikin kasafin." Ya yi dariya, ya ce wa ya koya mana. Ya kuma yi, har ya yi magana da shugaban kwamitin lafiya.

Da kasafi ya fito, jikana ya buɗe mini shi a waya, ga sunan asibitinmu da lambarsa. Muka yi walima da lemo da ƙosai.

Wata bakwai ba a kawo ko bulo ɗaya ba.

A nan na san rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Takarda sai ta bi tebur bayan tebur: amincewa, tallar kwangila, umarnin biya, sannan a jira ranar da akwai kuɗi a baitulmali. Idan shekara ta ƙare ba a saki ba, layin ya mutu, sai an sake saka shi. Ana yi mana kirari da "kunya gare ku ba dai tsoro ba", kuma wallahi kunyar ce ta kusa kashe aikin. Na je wani ofishi sau biyu, a na uku na ji nauyi, ina ganin kamar na zama maroƙi da furfurata. Sai muka raba zuwan: kowace Talata mutum biyu, da kwafin takarda, gaisuwa da tambaya ɗaya tak, fayil ɗin yana teburin wa yanzu? Ba faɗa, ba rubutun zagi a Facebook, ko da yake samarinmu sun so. Na hana su ne don na lura wanda ka kunyata a bainar jama'a, fayil ɗinka ne ke biyan bashin. An yi maganar sau ɗaya a rediyo, cikin ladabi, da lambar layin.

Aka saki kuɗin gyara da na sola kafin shekara ta fita. Ungozoma kuwa wata hanya ce daban, domin albashi ba ya cikin kuɗin ayyuka, tura ma'aikata aikin hukumar lafiya ne. Da na san haka tun farko da na rubuta wasiƙa biyu. Daga baya aka turo mana guda ɗaya, yarinya mai ƙoƙari, amma ba ƙarfe ba ce. Dare huɗu take kwana a mako, sauran ukun kwaɗo na komawa ƙofa.

Tun da Amurka ta datse tallafinta a farkon 2025, masu cewa a bari ƙungiyoyin waje su zo su yi mana sun ragu a zamanmu. Wasu sun koma sa rai ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka bana har ciyaman muka rubuta wa. Wasiƙar ungozoma ta biyu tana nan cikin jakata, shafi ɗaya, saura hatimin dagaci. Ya yi tafiya, an ce Alhamis zai dawo.