Kirsimetin da na shirya wa idon mutane

Ɗana na fari yana da shekara 2 da wata 3 a Kirsimetin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ya wuce tatata, ya fara gudu, bakinsa ya fara buɗewa. Duk abin da ya gani sai ya taɓa, duk abin da ya taɓa sai ya kai baki. Ni kuwa tun watan Nuwamba na ɗaura ɗamara. A raina na ce wannan ne bikin farko da zai yi da wayonsa, don haka dole ya zama na gani na faɗa. Na tanadar masa sababbin kaya, na tara kyaututtuka, na ƙawata falo, kuma duk wanda ya gayyace mu na ce masa muna nan tafe. Ƙannena da kuke da ɗan shekara 1 zuwa 3 a hannu, ku saurari yadda ta kaya mini, ko Allah zai sa ku tsallake ramin da na faɗa.

Barcinsa na fara tauyewa, ban ma san na yi ba. Yaron ya saba kwanciya bayan ƙarfe 1 na rana, ya yi awa ɗaya da rabi ko biyu, sannan da dare kafin ƙarfe 8 ya yi nisa. Ranar jajibiri, 24 ga Disamba, hidima ta sha mini kai, na ce barcin rana ɗaya ai ba zai kashe shi ba. Da dare muka tafi sujada da shi, ba mu dawo ba sai da dare ya raba. Da asuba kuma na tashe shi don wanka da shiri. Daga baya na karanta shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da na rana, kuma a riƙa kwantar da shi da tashinsa a lokaci guda. Da na yi lissafi, a wannan daren ɗana bai samu awa 7 cikakku ba.

Abin da ya ruɗe ni shi ne, babba in ya gaji sai ya yi laushi, ya nemi wurin zama. Ƙaramin yaro in ya gaji har ya wuce lokacin barcinsa, sai ya ƙara wuta. Ya yi ta tsalle, ya yi ta dariyar da ba dalili, ya ja wannan ya ture wancan. Ina kallonsa ina cewa ai murnar biki ce. Ashe igiya ce ta kusa tsinkewa.

Ta tsinke a cikin majami'a, ana tsakiyar wa'azi. Ya fara da cire takalmi, na mayar masa. Ya sake cirewa, na sake mayarwa da ƙarfi. Sai ya sulale ƙasa ya fara birgima yana ihu, kawuna suka juyo. Kunya ta rufe ni. Na sunkuce shi na fita da shi, a bayan ƙofa na zabga masa mari biyu a cinya, ina ce masa ya kunyata ni a gaban jama'a. Da yamma da na zo cire masa safa, na tarar ta manne da dunduniyarsa. Sabon takalmin ya ci masa fata, ƙurji ya fito har ya fashe. Tun safe yake faɗa mini da iyakar hanyar da ya iya, ni kuwa idona yana kan abin da mutane za su ce. Na zauna a bakin gado da ƙafarsa a tafin hannuna, na yi kuka sosai.

Za ku ji ana ce muku icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, tarbiyya tun yaro yana ƙarami ake fara ta. Amma ɗan shekara 2 da ya faɗi yana birgima saboda yunwa da gajiya da takalmi mai cizo, ba taurin kai yake yi ba. Sashen ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum ya danne fushi yana daga cikin waɗanda suka fi daɗewa ba su nuna ba, sai mutum ya haura shekara 20 yake kammala. Kalmomin da yaron ya sani kuma ba su isa ya ce "Mama, ƙafata na zafi, barci nake ji" ba. Dukan da na yi masa bai koya masa kome ba. Kafin ku ɗaga hannu ko murya, ku duba yaushe ya ci abinci, yaushe ya yi barci, sannan ku laluba jikinsa ko wani abu na matse shi. Sabon takalmi kuwa a fara sa masa a gida kwanaki kafin biki.

Daga majami'a gidan dangi muka wuce, kuma can na ƙara wani laifin. Mutanen da suka daɗe ba su gan shi ba kowa na miƙo hannu, shi kuwa ya cusa fuska a jikina ya damƙe mini riga. Aka fara cewa yaron nan ƙiwa gare shi, kin shagwaɓa shi. Don kada a ce ban iya reno ba, da hannuna na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya na miƙa shi. Surukata ce ta tsawatar. Ta ce, "'Yata, karɓi abinki. Ki bar shi ya gama kallonsu tukuna, in ya ga kina dariya da su da kansa zai sauka." Na ce, "To, Mama." Ba a yi rabin awa ba sai ga shi ya zame daga cinyata ya tafi yana taɓa agogon kawunsa. Ƙiwa a wannan shekarun alama ce ta yaron ya san nasa, ya bambanta su da baƙo. Babba ne ya kamata ya yi haƙuri a wurin, ko da kaka ce ko kawu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru washegari, 26 ga wata, a gidanmu. Manya sun fi goma a falo, ana hira ana dariya, yara suna kai da kawowa. Ina kicin, hankalina kwance, don na san ɗakin cike yake da idanu. Baban yaron yana waje yana raka baƙi, shi ma hankalinsa kwance, ya ɗauka ina ciki. Da na fito na ga ɗana zaune a bayan kujera, a hannunsa akwai ɗaya daga cikin 'yan fitilun ado da na jera a kan tebur, irin masu kama da kyandir. Murfin ƙasan a buɗe yake. Batirin, wannan ɗan faifan mai sheƙi kamar kwabo, babu shi.

Na tambayi kowa, ba wanda ya gani. Muka ɗaga kujeru, muka kakkaɓe darduma, shiru. Wasu suka ce ai ga shi yana wasa lafiya lau, in ma ya haɗiye zai fita a bayan gida. Wata ta ce a sa masa yatsa ya yi amai. Allah ya taimake ni ban bi ko ɗaya ba, muka ɗauke shi sai asibiti. A hanya ba abin da nake yi sai addu'a da leƙa bakinsa. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa da cikinsa, likita ta ce ba kome a ciki. Kwana biyu bayan haka muka tsinci batirin a cikin takalmin babansa.

Bayanin da likitar ta yi mana a wannan daren nake so ku riƙe. Irin wannan batir, musamman mai faɗin milimita 20, yana iya maƙalewa a hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. In ya maƙale, wutar da ke cikinsa tana haɗuwa da yawu ta haifar da sinadari mai cin nama, kuma cikin awa 2 kacal yana iya yin mummunar ƙuna. Yaron na iya zama yana wasa kamar ba abin da ya faru. Ba a jiran alama, ba a sa shi amai, asibiti ake nufa nan take. Batirin da ake ganin ya mutu ma yana da sauran ƙarfin da zai yi ɓarna. Lokacin Kirsimeti kuwa gida cike yake da shi: katin gaisuwa mai waƙa, fitilun ado, kayan wasa masu walƙiya, ƙananan rimot. Duk abin da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da noti ba, ku ɗaga shi sama inda hannu ba ya kaiwa.

Amma batirin ba shi ne tushen matsalar ba. Tushenta shi ne kowa ya ɗauka wani na kallon yaron. Taro yana sa uwa ta saki jiki, alhali a ranar taro ne jakar baƙuwa mai magunguna take ajiye a ƙasa, kofi mai zafi yake bakin tebur, ƙofar waje take buɗe, bokitin ruwa yake tsakar banɗaki. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba, kuma ba a jin ƙararsa. Tun daga ranar ni da maigida muka yi yarjejeniya. In zan tashi sai na dube shi ido cikin ido na ce, "Yana hannunka." Sai ya amsa, "Na karɓa." In bai amsa ba, ban tashi ba. In wata 'yar'uwa ce za ta riƙe, ita ma haka. Yarinya 'yar shekara 8 ba a ɗora mata wannan nauyin, ita ma wasa ya kawo ta.

Kyaututtukan da na tara, guda tara, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Ya yaga takarda ta farko da murna, ta uku ya fara ƙosawa, ta biyar ya bar mu ya shige cikin kwalin da aka kawo ɗaya daga ciki, nan ya wuni. Guda biyu ma a jikin kwalinsu akwai wannan jan da'ira mai fuskar jariri da 0-3 an soke ta, wato ba na 'yan ƙasa da shekara 3 ba ne saboda ƙananan abubuwan da ke iya shaƙe yaro. Ban duba ba sai bayan tsoron batir. Yanzu ɗaya ko biyu nake bayarwa, sauran in ɓoye in riƙa fito da su a Janairu da Fabrairu.

Sai da ƙura ta lafa na tambayi kaina, wai duk wannan wahalar don wa na sha ta? Yawancin mutane abin da suka fara tunawa a rayuwarsu daga wajen shekara 3 zuwa sama ne. Ɗana yanzu ya girma, na tambaye shi, bai tuna ko ɗaya ba: kayan, fitilun, kyaututtukan. Don hoto na yi, don dangin miji su ce na iya, don kada ƙawaye su fi ni. Kuma kuɗin da aka biya shi ne uwa mai gajiya da saurin fushi, da miji da muka yi kwana uku muna magana sama-sama saboda gardamar gidan su wa za a fara zuwa. Ban taɓa buɗe baki na ce masa ya kama mini ba. Na yi ta jira ya gani da kansa, ina tara haushi. Ku zauna ku biyu tun farkon Disamba ku yanke: gida nawa za a je, wace rana, ƙarfe nawa za a tashi, wa zai yi wa yaro wanka, wa zai kwantar da shi. Ziyara ɗaya a rana ta ishi ɗan shekara 2.

Na daɗe ina jin tsoron in na rage hidima kamar na rage wa ranar daraja. Sai na koma na karanta labarin da kansa a natse. Luka ya ce an naɗe jaririn da tsumma aka kwantar da shi a komin dabbobi don ba su sami masauki ba. Matiyu ya ce Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki yaron da uwarsa ya gudu Masar don ya tsirar da shi daga Hirudus. Iyaye biyu ne da ba su da abin nuna wa kowa, duk hankalinsu yana kan ɗan da aka ba su amana. Abin da ƙaramin yaro zai iya ɗauka daga wannan labarin ma kaɗan ne: waƙa ɗaya gajeriya da za a riƙa maimaita masa kowane dare, da hoton jariri da tumaki da zai nuna da yatsa ya faɗi sunansu. Maimaicin shi yake so, ko sau ashirin ne.

Da ƙanwarsa ta kai shekara 2, sujadar safe kawai muka je, na sa mata tsohon takalminta da na goge. A jakata akwai ruwanta, abin da ta saba ci, da ɗan mayafin da ba ta barci sai da shi. Mun je gidan dangi, muka gaisa, aka ci aka sha. Ƙarfe 1 saura na ga ta fara murza ido tana jan kunnenta, na miƙe na ce za mu tafi. Wata gwaggo ta ce, "Haba 'yar nan, yanzu fa aka fara zama, a kan barcin yarinya za ku tashi?" Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, gobe da safe zan kawo miki ita ku wuni." Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Kafin mu kai bakin ƙofa yarinyar ta ɗora kai a kafaɗar babanta, mayafin a dunƙule a hannunta. A gida na cire mata takalmi na duba dunduniyarta duka biyun, sannan na ja labule.